Rigar da Ta Kwana a Akwati

Shekara talatin da biyu Baba Tela ya yi yana taka keken ɗinki a shago ɗaya, kuma da wannan keken ya karantar da autarsa har ta zama likita a ƙasar waje. Da takardar gayyatar bikin yaye su ta iso, sai ya manna ta a jikin madubin shago. Ko maɓalli ka kawo a ɗinka maka, sai ka karanta ta kafin ka fita. Ba wanda ya ga laifinsa. Uwar yarinyar ta rasu tana aji uku, shi ne uwa shi ne uba.

Bai taɓa hawa jirgin sama ba, amma ya ce tunda za a fita, a fita da kyau. Birni uku zai taka: na farko wurin ƙanensa da ya daɗe a can, na biyu ya ga babbar kasuwar yadin da yake jin labarinta tun yana koyon sana'a, na uku wurin Auta. Sati biyu ya yi yana ɗinka mata rigar da za ta sa ranar biki, bai bar kowa ya taɓa ta ba.

A jikin shagonsa akwai ofishin wata mata mai shirya wa mutane tafiye-tafiye. Ta leƙo ta gaishe shi.

"Baba, kawo fasfonka in tsara maka tafiyar nan."

"'Yata, ai waya ta kashe muku kasuwa. Ni da na haifi likita, tikiti ne zai gagare ni?"

"To ko ka saya da kanka, kawo in duba maka. Ba sai ka ba ni komai ba."

"Allah ya yi miki albarka. Gobe ki zo ki karɓi ɗinkinki."

Abin dariyar shi ne, kaf layin ba wanda ya kai Baba Tela faɗa idan aka yanka yadi a gida sannan aka kawo masa gyara. Sai ya ɗaga yadin sama kowa ya gani, ya ce, "Almakashi kowa na da shi, sanin inda za a sa shi ne sana'a."

A yi masa adalci, ya yi ƙoƙari. Ya sa tabarau ya nemi biza, ya kama masauki, ya sayi tikiti ɗaya da ya haɗa dukkan zangunan har dawowa gida. Ya rubuta ranaku da lokuta a littafin awonsa. Ranar da ya sauka a birni na farko lafiya, har hoto ya tura wa mai ofishin, wai ta ga aikin manya.

Kwana biyu ya yi a gidan ƙanensa. Da za shi birni na biyu, sai ƙanen ya ce, "Yaya, me za ka yi da jirgi? Awa huɗu ce a mota. Ni zan kai ka, ka ga ƙasa, mu sha hira."

Baba Tela ya auna abin da hankalin tashar mota. In ka biya kujera ba ka hau ba, ina ruwan direba? Suka bi hanya suna ta labarin yarinta, jirgi ya tashi babu shi.

Ana gobe biki ya isa filin jirgi da wuri, ya miƙa fasfo yana gaya wa ma'aikaciyar cewa 'yarsa likita ce. Ta daɗe tana kallon kwamfuta.

"Baba, ba ka hau jirginka na biyu ba?"

"Mota na bi. Ai na bar muku kujerar."

"Tikitinka ɗaya ne. A ƙa'idarsa, in ka tsallake zango guda, sauran duk soke su ake yi."

Ya ce zai sayi wani yanzu-yanzu. Babu kujera sai jibi, iyayen ɗalibai sun cika jirage. Birnin Auta kuwa tsallaken teku ne, mota ba ta zuwa.

Washegari ya dawo da sassafe cikin sabon kayansa, ko wani zai fasa tafiya. Ba wanda ya fasa. A kan bencin ƙarfe ya zauna, akwati a tsakanin ƙafafunsa, ƙawar Auta ta kira shi ta bidiyo daga zauren biki. Ya ga kujerar da aka ajiye masa a layin iyaye.

Aka kira sunan Auta. Da ta taka matakala, rigar jami'a ta ɗan buɗe, sai ya gane abin da ke ciki. Tsohuwar rigar da ya ɗinka mata ce shekara shida da suka wuce, ranar da za ta tafi. Ta koɗe, amma ko zare ɗaya bai saki ba.

Ya juya wayar ga baƙon da ke zaune kusa da shi, wanda ko harshensa ba ya ji.

"'Yata ce. Ɗinkina ne a jikinta."

Alfahari ya cika masa ƙirji, hawaye na ɗiga a kan akwatin da sabuwar rigar ke ninke a ciki.

Da ya dawo gida, kafin ya buɗe shagonsa sai da ya shiga ofishin maƙwabciyarsa. Ya tsaya a bakin teburinta ya ce, "'Yata, na yanka yadi a gida."

Jama'a, shirya tafiya da kanka ba laifi ba ne, ƙin tambaya shi ne laifin. Kafin ka canza ko zango ɗaya a tafiyar da ba ka taɓa yi ba, nuna wa wanda sana'arsa ke nan, don tikiti ana sake saye, amma wata ranar ba ta dawowa.