Yoyon Gidan Madam

Sil biyu ne a aljihun Nomau lokacin da mai gadi ya buɗe masa ƙofar gidan. Ɗaya sabo fil a takardarsa, ɗaya tsoho da ya ciro daga injin wani gida. Sil ɗan zobe ne da bai fi bakin kofin shayi ba, shi ke hana ruwa bin sandar inji ya tsiyaye. In an ɗaure inji ba mai ganinsa, kuma ta nan Shaiɗan ya samu Nomau.

Mai gadi ya shige gaba yana tafa hannu yana cewa, "Tarig, tarig!" Wato a ba da hanya, namiji ya shigo. Nan da nan ƙofofi suka rurrufe. Madam da 'ya'yanta ba sa haɗa ido da mai gyara, don haka Barakatu mai aiki ce kullum ke raka shi ɗakin inji, ta tsaya a bakin ƙofa kada ya ɗauki wani abu. Gida ne mai doka. Mai aiki ba ta fita, ba ta yin baƙo, kuma Madam ba ta ɗaukar mai miji a gari.

Jakuzin yana gefen lambu, kwamin wanka ne mai ruwan zafi da Madam ke shiga saboda ciwon baya. Tun farkon shekara injinsa ke yoyo. A gyara, ya ɗan kwana biyu, ya koma. Duk lokacin da aka kira shagon gyaran da yake aiki, Nomau ne ke riga kowa ɗaukar jakar kaya, ya taso tun daga unguwar Karantina ta Jidda ba ƙorafi. Ya ciro tsoho, ya saka wani tsohon, ya mayar da sabon aljihu. Mai gyaran da ke son a sake kiransa ya san hanya.

Yau ruwan ya malale har bakin ƙofa. Barakatu ta durƙusa da tsumma tana matsewa a bokiti. Maganin da ake zuba wa ruwan ya cinye mata hannu, 'yan yatsunta duk sun tsattsage. Nomau ya kau da kai, ya hau kwance ƙusoshi, amma hannun nan bai bar idonsa ba.

Muryar Madam ta taso daga bayan tagar bene, da Larabcinta mai kaifi. Ta ce ta tambayi masana, sun ce sil ba ya mutuwa haka sai in an kunna inji ba ruwa. Kuma wa ke wanke jakuzin in ba wannan 'yar aikin ba?

"Halas, ya isa haka!" in ji Madam. "Ya sake ɗiga ko sau ɗaya, ta tattara kayanta. Zan soke iƙamarta ta zaman ƙasar nan, ta koma ƙasarsu."

Barakatu ba ta ɗago ba. Nomau kuwa ji ya yi kamar an watsa masa ruwan zafin nan. Kunya ta kama shi, ya tsani kansa. Can gida garin Tawa akwai 'yarsa Aissa a hannun kakarta, ya san abin da ake nufi da a yanke wa mutum hanyar abinci. Ga shi saboda son ransa za a kori baiwar Allah a kan laifin da shi ya aikata.

Ya zaro sil ɗin da ya mutu. Fuskarsa ta yi baƙi, ta dare kamar an gasa ta. Ya yi tsaki, ya ce a ransa zafin Jidda ba abin da ya bari, ya jefa shi cikin jaka. Sai ya sa hannu a aljihu. Ya daɗe yana juya zoben nan biyu, domin ya san sabo in ya zauna sai ya yi shekaru, kuma ba mai sake tafa masa hannu a ƙofar gidan nan.

Sabon ya ciro. Ya goge mazauninsa tas, ya shafa masa ɗan ruwan sabulu, ya danna shi da babban yatsa har ya zauna daram. Ya ɗaure inji, aka cika kwami, ya kunna. Ƙasa ta tsaya a bushe.

Barakatu ta kawo masa shayi, mai ɗaci da kanumfari, yadda yake so. Mai gadi ya tafi amsa ƙararrawa, tagar bene kuma ta rufe.

"Sabo na saka," Nomau ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Da duk tsofaffi nake sawa. Ba za a ƙara ɗora miki laifina ba."

Ta dube shi, karo na farko a ranar, idonta ya cika da hawaye.

"Wane laifin naka, Baban Aissa? Tsofaffin naka sun cika daɗewa ba su ɗiga ba. Ni nake zubar da ruwan in kunna shi a bushe, in ba haka ba yaushe zan ga mijina?"