Agogon Baba da Tseren Motoci

Wata Lahadi da la'asar, a tsakar gidanmu na unguwar Nima, talabijin ɗin maƙwabci yana nuna tseren motoci, ba launi, ba lambar komai. Babana makaniki ne, amma lokacin idonsa ya riga ya tafi. Ya kwance agogonsa mai warin baƙin mai, ya ɗaura mini.

"Uwata, in ta farko ta sha kwana, ƙirga har ta biyu ta iso."

"Sakan biyar, Baba." Da suka zagayo na ce, "Uku."

Ya gyara zama. "Za ta kamo ta."

Sai aka ɗauke wuta. Har ya rasu ba mu san wa ya ci ba.

Yau wayata tana nuna tazarar kowace mota, amma ba ni da wanda zan karanta wa.