Darasin Ɗingishi

Darakta ya sallami matar da ta zo gwaji tun ba ta gama faɗin kalmominta ba. Muryarta ta yi, fuskarta ta yi, kuma ƙafar da labarin ya ce an yanke wa jarumar, ita ma an yanke mata. Aibinta ɗaya ne a wajensa: ba ta ba da tausayi.

"Murmushi take ta yi," ya ce da marubuciyar fim ɗin, wadda ke zaune bayan tebur cikin doguwar riga. "Wa zai bar gidansa ya zo kallon gurguwa tana murmushi?"

Marubuciya ta ce ai don irin wannan mata ta rubuta labarin. Ya yi mata kallon hadarin kaji. Shi da ya tsufa yana sa jama'a kuka, yau ita za ta koya masa?

Aka ba da aikin ga jarumarsa ta kullum, mai ƙafafu biyu lafiyayyu da masoya rututu. Shi da kansa ya koya mata ɗingishi: a karkace kafaɗa, a ja ƙafa kamar ana jan buhu, a yamutsa fuska. Ma'aikata suka tafa, don ba mai son rasa aikinsa.

Marubuciya ta ce abin ya yi yawa. Ya ce to, bismilla, ta tashi ta nuna musu. Ta miƙe, ta taka daga tebur zuwa ƙofa, kai a sama, sai ɗan jinkiri a takun hagu. Darakta ya yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yar'uwa, tsaya a kan alƙalaminki. Kin ma taɓa ganin mai ƙafa ɗaya kuwa?"

Ta koma bayan tebur ta zauna.

Da aka tafi hutun rana, ya leƙa ɗakin sutura neman hularsa. Sai ga wata ƙafar roba jingine da bango, duk ta koɗe, da takalmi a jikinta. Ya ɗaga ta yana yatsina, ya hau faɗa. Wane sakarai ne ya kwaso masa wannan tarkace? Ko yaron goye ba zai yarda wani ya taɓa taka ƙasa da ita ba. A kai ta shara tun kafin ta ɓata masa fim.

Daga bayan rigunan da ke rataye, marubuciya ta yi gyaran murya. Tana zaune a kujera, tana murza gwiwarta ta hagu.

"Yallaɓai, idan ka gama, miƙo min ƙafata."