Matar Kwalin Sabulu

Ajiye takardar kwangilar nan tukuna, ɗana, ba guduwa za ta yi ba. Tun da ka shigo bakinka ya ƙi rufuwa, kuma ban hana ka murna ba. Amma kafin ka sa hannu, bari in ba ka misali.

An yi wani ɗalibi a makarantar koyon zane, ɗan ƙauye, mai hannu irin wanda malami kan daɗe bai gani ba. Da gawayin murhu ya fara a jikin rumbu, kuma fuskar da ya fi iyawa ita ce ta mahaifiyarsa. Tsohuwar ba ta yarda da hoto. In mai kyamara ya nufo ta a gidan biki, sai ta ja mayafi ta juya baya. Ɗanta kaɗai take bari, don a ganinta wasa yake yi. Zanenta guda ɗaya ya zo da shi birni a naɗe cikin jaka: tana tankaɗe, baƙa wuluk, da bille a kunci, da wushirya, haƙora sun rine da fure, ido ɗaya a ɗan kanne saboda hayaƙi. Duk wanda ya kalla sai ya ji kamar ya gaishe ta. Ana nan sai wani kamfanin sabulu ya aiko makarantar yana neman hoton uwa da za a buga a kwali, yaron ya miƙa wannan. Suka ce ya yi kyau, amma a cire billen, kada mutanen wani yanki su ce ba tasu ba ce. Wanda ya san aiki zai adana na asali, ya kwafa a wata takarda ya yi gyaransa a can. Shi kuwa ɗoki ya hana shi, ya ɗauki robar goge fensir ya goge a kan na asalin. Ya mayar, suka ce a ɗan haska fatar, ai sabulu ake talla. Ya haska. Suka ce haƙoran fa? Ya mayar da su farare, ya toshe wushiryar. Suka ce idon nan kamar mai harara, ya buɗe shi. Masu kamfani ba mugaye ba ne, kasuwa suke nema, kuma ba su san wace ce ake gogewa ba. Shi ya sani. Aka buga kwali, aka kafa alluna a bakin titi. Sabulun ya kai har ƙauyensu, tsohuwar ta saya ta yi wanki, ta hura wuta da kwalin, ba ta san da ita a jiki ba.

Daga nan aiki ya buɗe masa. Ya koyi gama aiki ranar da ya yi alkawari, ya koyi haɗa launin da injin bugawa ba zai ɓata ba, ya koyi gane abin da mai kwangila ke so tun bai buɗe baki ba. Ban raina wannan ba, ilimi ne, ni ma shi nake koyarwa. Masu madara suka zo, masu gidan sauro suka zo, masu littafin firamare suka zo, ya ba kowa matar nan dai, ɗankwali kawai yake sauya mata. Har ya kai ba a ce masa gyara, domin hannunsa ya riga ya gyara kafin fensir ya taɓa takarda. Malamai suka ce yaro ya girma. Sai tsohuwar ta rasu. Shekara ta zagayo, ƙanwarsa ta haifi mace, aka sa mata sunan marigayiyar. Ranar suna ƙanwar ta ce, "Yaya, zana mana Inna, yarinyar nan ta tashi ta san wadda ta ci sunanta." Ya ce wannan ai ba aiki ba ne. Ya koma birni ya zauna, ya ja layi, matar sabulu ta fito tana murmushi. Ya yaga, ya sake, ita ce dai. Ya baƙanta fatar, ta zama matar sabulu da ta shafa gawayi. Ya zo sa bille, ya rasa ko a dama yake ko a hagu, ya sa shi da ka, ya zauna a kuncin kamar tabon wuƙa. Ya zaro tsohuwar takardar ya ɗaga ta a rana, ko zai ga sawun fensirin farko, ashe roba ta cinye wurin har ya kusa hujewa. Da ya gaji, ya zaɓi wanda ya fi dama ya kai gida. Ƙanwar ta riƙe ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa masa abinsa ta ce, "Yaya, ai wannan matar kwalin sabulu ce. Ina Inna?"

Yana nan har yau, da motarsa da yaran shagonsa, kwangila ba ta yanke masa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yarinyar. Ta yi wayo, kullum tana wuce allon tallan nan a hanyar makaranta, ba ta ko ɗaga kai, kuma babu wanda zai iya nuna mata fuskar kakarta a duniyar nan. To, ɗauki biro ka sa hannu, ɗana. Yi musu aikinsu, gyara duk abin da suka ce ka gyara, amma a kan kwafi. Abin da ka zo da shi daga gida kada ka bari roba ta kusance shi, don kada a wayi gari ana faɗa a kanka abin da Hausawa suka faɗa: garin neman gira, an rasa ido.