Ba Irin Simintin Gini Ba Ne

Dogo magini ne, a ƙarƙashin yayansa ɗan kwangila yake aiki. Ranar da ya faɗo daga saman gini, ƙashin da ke ƙasan gwiwarsa ya burma. Likita ta cike ramin da wani farin abu mai kama da siminti.

Da ta zo yin bayani Dogo bai gama farfaɗowa daga allurar barci ba, sai ta ja yayan gefe.

"Wannan abin ba zama zai yi ba," in ji ta. "Da irin sinadarin ƙashi aka yi shi. Jiki zai riƙa narkar da shi a hankali yana gina sabon ƙashi a gurbinsa. Aikin watanni ne. Kafin nan kada ya ɗora wa ƙafar nauyi."

"Haba likita, ƙanena ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ba a jima ba wanda ake yi wa ginin ya matsa wa yayan lamba, ga shi babu mai jera bulo kamar Dogo. Sai ga yayan a gidan ƙanen yana fara'a.

"Tashi, malalaci! Siminti aka zuba maka. Ni da kai za a koya wa siminti? Ai tuni ya kama."

Matar Dogo ta ce, "Yaya, a bari ya koma asibiti tukuna."

"Ke dai kin fi so ya zauna ya yi ta kallonki."

Dogo ya yi dariya, ya jingine sandarsa. Wa zai yi zargin yayansa?

Ya koma aiki. Yana tsakiyar tsani da bulo a kafaɗa ƙafar ta lanƙwashe.

Likita ta ɗaga hoton ƙashin ranta a ɓace. "Duba nan. Abin ya fara narkewa, sabon ƙashin bai yi ƙwari ba. Ai na gaya wa yayanka!"

Dogo ya juya. "Yaya, ashe ka sani?"

Yayan ya tsura wa takalmansa ido.

An sake yi masa tiyata, amma gwiwar ta sandare. Dogo bai ƙara hawa tsani ba. Ya ce ciwon ƙafar da sauƙi a kan abin da yayansa ya yi masa.

Jama'a, abin da aka dasa a jiki lokaci yake bukata kafin ya zama ƙashi. Ku ji bayanin jikinku daga bakin likita da kunnenku, kada ku karɓe shi daga wanda ke da riba a tashinku, ko da ɗan'uwanku ne.