Safar Fada Declan

Shekara uku ke nan Fada Declan Mulvey bai iya ɗaga ƙoƙon Jibin Ubangiji a coci ba, saboda rawar hannu. Tun ranar da 'yan bindiga suka kashe mutum goma sha ɗaya a cocinsa, can wani ƙauyen Kudancin Amurka, shi kuwa yana ɓoye a ƙarƙashin bagade, barci ya ƙaurace masa. Likitoci sun yi nasu sun gaji. Bishop ya ce in bai warke bana ba, ya ajiye rigar fada.

Sai ya tattara ya dawo ƙasarsu, yankin Clare, inda aka haife shi a gidan sistocin coci masu karɓar 'yan matan da suka yi ciki ba aure, aka miƙa shi ga wasu Amurkawa yana ɗan wata biyar. Ya nemi uwarsa, aka ce takardu sun ƙone. Abin da ya tsira da shi daga gare ta safar jariri ce ƙafa ɗaya, saƙar hannu da koren ulu.

A bakin wata rijiyar waliyyi, inda mutane ke ɗaura tsummokara a itace don neman waraka, ya haɗu da Nuala Hession, tsohuwar da ke share wurin. Ba ta taɓa aure ba, kuma bakinta ba ya raga wa kowa.

"Fada guda, ka rasa magani sai tsummokaranmu?" in ji ta. "To, ɗaura abin da ka fi ƙauna a itacen ƙayar nan. Yana ruɓewa, ciwon na tafiya. Amma kar ka taɓa na wani. Wanda ya kwance, shi ya ɗauki ciwon."

Ya ciro safar ya ɗaura. Nuala ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta ƙura wa safar ido.

"Ka rame, ɗan nan," ta ce daga baya. "Ba sa ba ka abinci a can ne?"

Da ya koma bayan kwana biyu, safar ba ta nan. Ya ce iska ce. Sai ga barci ya dawo masa har da minshari, ranar Lahadi kuma ya ɗaga ƙoƙon ko ɗigo bai zuba ba. Ya yi kuka don murna.

Nuala kuwa ta daina zuwa shara. Maƙwabta suka ce ta kwanta, ko kofin shayi ba ta iya riƙewa, tana ta sambatun bindigogi. Ya yi niyyar zuwa dubiya, amma mai sabuwar lafiya ba ya rasa uzuri. Yau da gobe, har ta cika.

Fadan garin ya yi tafiya, sai aka kira Declan ya yi mata addu'a. An shimfiɗe ta a falo, an naɗa mata carbi a hannu. Wata maƙwabciya ta raɗa masa cewa abu ɗaya marigayiyar ta roƙa a binne ta da shi.

Ya sunkuya. A ƙarƙashin yatsunta ga korayen safa ƙafa biyu, ɗaya da tabon ruwan sama, ɗayar fes kamar jiya aka saƙa ta.