Yarinya ta Goma

Tanimu, tunda ka zo da albishir an kira ka babban birni za a ba ka muƙami, gyara zama in ba ka wani misali kafin ka ɗaure kaya.

An ce a can ƙasar Ireland an yi wani ɗan tsibiri na masunta, gidajensa ba su kai arba'in ba, sai makaranta mai aji ɗaya tak. Malamar makarantar tana da ƙane, ita ta raine shi tun ranar da teku ya ci ubansu, ita ta koya masa karatu a wannan ajin. Ƙa'idar da aka shimfiɗa musu kuwa ita ce, ranar da ɗalibai suka gaza goma, a rufe makaranta a kai yara wata a ƙetaren ruwa. Kowa ya san in yara suka tafi iyaye mata za su bi su, gari ya zama kufai. To, don makarantar nan ƙanen ya ajiye tarunsa ya shiga siyasa. Ya yi kansila, ya je majalisa har sau uku. Ba biki ba jana'iza da ba a ganinsa, kuma duk inda ya tsaya maganarsa ɗaya ce: muddin yana numfashi ba mai sa wa makarantar kwaɗo. Ana nan sai aka yi masa tayin ƙaramin minista a ma'aikatar ilimi. Kai, zo ka ga murna! A ransa ya ce, in yana ciki wa ya isa ya taɓa ta? Ya haɗa kaya zai koma birni da matarsa da 'yarsa ɗaya mai shekara bakwai, ɗaliba a ajin yayarsa. Yayar ta tare shi a bakin jirgin ruwa ta ce, "Allah ya ba da sa'a, amma ka bar mini yarinyar nan." Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai ɗalibanki goma sha biyu ne." Ta ce biyu za su gama bana, amma wayarsa na ta ƙara, masu taya murna sun yi masa caa, bai ji ba. Bawan Allah, ƙuri'a yake ƙirgawa, ya daɗe bai ƙirga yara ba.

Ka san aikin ƙaramin minista. In za a buɗe sabon gini, babba ne ke riƙe almakashi. In za a rufe tsoho, ƙarami ake miƙa wa takarda. Shekara na zagayowa aka ajiye masa jerin makarantun da za a rufe, ya ga sunan tsibirinsu, a gabansa an rubuta tara. Ya yi lissafi. Goma sha biyu, a cire biyu, a cire 'yarsa. Ya bi ofis-ofis yana roƙo, ya ce gobe-goben nan zai mayar da yarinyar, aka ce masa ƙidayar ranar buɗe makaranta ake bi, ta riga ta wuce. Da bakinsa ya karanta jerin a majalisa. Washegari ya ajiye muƙamin, amma ina amfani? Ya hau jirgi ya koma gida, ba wanda ya tarye shi. Ya tarar da yayarsa a aji, ta share ko'ina tsaf, kujeru goma na jere. Ashe shekara guda ba ta ɗauke kujerar 'yarsa ba, kullum sai ta goge ta ko za a dawo. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Kwaɗo ta miƙa masa ta ce, "Ka rantse ba wanda zai sa shi. To kar ka bari baƙo ya zo ya sa mana." Ya karɓa, ya rufe ƙofar yana kuka kamar ƙaramin yaro. Kafin shekara biyar hayaƙi ya daina tashi a yawancin gidajen. Yayar ta rasu a ƙetare wurin dangin mijinta, shi kuwa ya tsufa a tsibirin tare da tsofaffi 'yan'uwansa, in zai je bakin teku sai ya zagaya don kada ya bi ta gaban makarantar.

Ni ban ce kar ka tafi ba, Tanimu. Amma kafin ka hau mota, juya ka ƙirga abin da za ka ɗauke daga gida. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira a rasa ido.